Littafin Aikin Dasa Kwamfuta a Motar Awo

Asabar, 26 Oktoba 2024

Riɗi ya fara shigowa kasuwa, zoɓo ma yana bakin ƙofa, wato daga yanzu har ƙarshen Janairu motar nan ba ta da hutu. Hilux ce ƙirar 2010, mai shan fetur. Da ita muke bin ƙauyukan da ke tsakanin Gumel, Maigatari, Sule Tankarkar da Gagarawa muna awo. Galibin inda kaya yake kwalta ba ta kai ba, sai burji, ko hanyar amalanke, ko rairayi zalla.

Abin da nake son haɗawa ƙaramar kwamfuta ce da za ta zauna a motar dindindin. Ta nuna inda muke a taswira ko babu sabis, ta riƙa rubuta duk hanyar da muka bi ba sai an taɓa ta ba, sannan ta ɗauki karatu da waƙoƙin da muke saurare a tafiya. Waya tana iya yin wasu daga ciki, amma wayar mai awo ba ta rabuwa da kiran dillalai, kuma in ta sha rana a kan dashbod sai ta ɗauki zafi ta rage haske, ba ka ganin komai.

Babban dalilina dai Baba ne, direbanmu. Ya haura sittin, kuma bana ya fara maganar ajiye sitiyari. Hanyoyin nan duk a kansa suke. Yaron motarmu yana koyo, yana da kai, amma abin da mutum ya tara tun yana saurayi ba a kwashe shi a kaka ɗaya.

Laraba, 30 Oktoba

Kaya sun haɗu. Ƙaramar kwamfutar, Raspberry Pi 4 mai gigabayit 4, daga Legas aka aiko min, ₦135,000 har kuɗin mota. Allo mai inci 7 wanda ake taɓawa da yatsa, mai shiga da HDMI, ₦78,000. Na'urar GPS ta USB mai maganaɗisu a gindi ₦24,000. Sauran a Sabon Gari, nan Kano, na samu: memori mai gigabayit 64 ₦9,500, konbata mai sauko da wutar mota daga bolt 12 zuwa 5 ₦7,000, wayoyi da fiyus ₦6,500. Jimla ₦260,000.

Da gangan na zaɓi allon da ba a manne yake da kwamfutar ba. Allo dole ya zauna inda ido zai gan shi, nan ne kuma inda rana ta fi duka. Ita kwamfutar inuwa nake nema mata.

Lahadi, 3 Nuwamba

Na haɗa komai a kan tebur. Na sa Raspberry Pi OS, da gpsd mai karɓar bayani daga GPS, da Navit don taswira, da Kodi don sauti da bidiyo. Taswirar OpenStreetMap ce, wadda kowa zai iya gyarawa a intanet, na sauke ta Najeriya da ta Nijar daga shafin Geofabrik cikin dare, saboda Maigatari a bakin iyaka take. Navit ba ya karanta fayil ɗin yadda ya zo, sai an juya shi da wata manhaja mai suna maptool. A kwamfutar ƙanena muka yi wannan, ta fi ƙarfi.

A ɗaki GPS bai kama komai ba, rufin kwano ya tare. Da na fito da shi tsakar gida, kafin na gama shan shayi kibiyar da ke nuna inda muke a taswira ta sauka daidai kan layinmu. Maƙwabcina da ya leƙo ya tambaye ni wane layi na sa masa. Mutane da yawa sun ɗauka data yake ci. Ba ya cin ko sisi, saurare kawai yake. Taurarin ɗan'adam na GPS suna can sama da nisan kilomita 20,000 suna aiko da lokaci, in ya ji huɗu zai lissafa inda yake, in ya ji goma lissafin ya ƙara tsafta.

Na daɗe ina duba yankinmu. Garin Gumel da Maigatari an zana su da kyau. Ƙananan ƙauyuka ma da yawa sunayensu na nan, kuma aikin rigakafin shan inna ya taimaka wajen sanya irin waɗannan garuruwa na Arewa a taswira. Sai dai ɗigo-ɗigo ne a kan farin fili. Ga gari, ga wani garin, babu layin da ya haɗa su.

Talata, 5 Nuwamba

Shirina na farko shi ne a cire rediyo a sa allon a gurbinta. Da na faɗa wa Baba sai ya ce, "Alhaji, ka sa duk abin da za ka sa, amma rediyon nan kada a taɓa min ita. Da me zan ji labaran safe?" Yana da gaskiya, shi ne mai wuni a motar. Rediyo ta zauna. Tana da ramin AUX, ta nan sautin kwamfutar zai shiga sifikun mota, na ma huta da sayen amfilifaya.

Asabar, 9 Nuwamba

Wuni guda a Ƙofar Ruwa. Mai walda ya lanƙwasa ƙarfe ya yi wa allon mazauni a tsakiyar dashbod, ƙasa-ƙasa yadda ba zai tare gilashi ba, ya karkato shi wajen direba, ya yi masa 'yar rumfa ta falle a sama saboda hasken rana. Tsakanin ƙarfen da dashbod mun shimfiɗa robar tsohon tiyub don ta sha girgiza. Ya karɓi ₦8,000.

Kwamfutar ta shiga bayan akwatin gaban fasinja. Da mai wayarin ya zaro rediyo sai ga aikin wanda ya riga mu: wayoyi a murɗe da hannu an naɗe su da leda. Ya warware ya yi musu dalma. Ya ɗauko wuta daga jar waya, wadda ke kawowa in an murɗa makulli, ya sa fiyus mai amfiya 5. Kuɗinsa ₦10,000. Kafin magariba allo ya kama, taswira ta fito, karatu yana tashi a sifika.

Litinin, 11 Nuwamba

Kwamfutar ta ƙi tashi.

Tun jiya na lura da abin. In aka murɗa makulli matakin farko sai ta fara tashi, da an ba mota kik sai ta ɗauke ta sake daga farko. Yau kuma zirga-zirgar cikin gari aka yi: gidan mai, sito, banki, masallaci, kuma Baba ba ya barin inji yana aiki a tsaye, ba da tsadar man nan ba. Kowace tsayawa wuta na yankewa kwatsam. Da la'asar allo ya tsaya a baƙi da wasu layukan rubutu, daga nan ba gaba ba baya.

Memorin ne ya hargitse. Navit yana rubuta inda mota take kusan kowace daƙiƙa, to in wuta ta yanke ana tsakiyar rubutu, fayil ya lalace, wani lokaci har da na tsarin kwamfutar kanta. Rediyo ba ruwanta da wannan, shi ya sa wayarin da ya ishe ta bai ishi kwamfuta ba.

Na ɗauko mita na auna. Batir a kwance bolt 12.5, lokacin kik yana faɗowa zuwa 9.8, in inji ya tashi ya koma 14.2. Ita kuma jar wayar ɗaukewa take gaba ɗaya lokacin kik, haka aka ƙera motar don a bar wa kik dukkan ƙarfin. Sannan konbatar da aka rubuta mata amfiya 3, da an ɗora mata allo da kwamfuta sai ta sauko zuwa 4.7. Pi 4 bolt 5.1 take so, in wuta ta yi ƙasa da 4.63 tana fitar da gargaɗi, kuma na ga gargaɗin ya leƙo a jiya.

Memorin ya gyaru da aka goge shi, amma duk saitin da na yi ya tafi. Dole a sake tsarin wutar daga tushe.

Laraba, 13 Nuwamba

Jiran kaya. Gobe Alhamis mota za ta Maigatari da allo a kashe.

Lahadi, 17 Nuwamba

Sabon tsari. Yanzu wuta kai tsaye daga kan batir take zuwa, fiyus yana dab da batirin. Sabuwar konbata tana karɓar wuta tun daga bolt 8 ta fitar da 5.2 ba gezau, ko ana kik, kuma amfiya 5 take bayarwa. Allo ya sami layinsa daban, ba ya ja ta jikin kwamfutar.

Jar wayar ta bar ba da wuta, ta koma mai kai saƙo. Tana shiga wani ƙaramin rile mai agogo, wato makunnin da ke ba da wuta ko yanke ta da kansa, tana kuma sanar da kwamfutar ta wani ɗan abu mai raba wutar mota da tata, domin filolin Pi bolt 3.3 kawai suke ɗauka. In aka kashe makulli, kwamfutar ta jira daƙiƙa 15. In makulli ya dawo, ta ci gaba da aikinta. In bai dawo ba ta rufe fayilolinta ta kashe kanta, a daƙiƙa 90 kuma rile ya yanke wutar duka don kada batir ya tsiyaye cikin dare. Ƙanena ne ya rubuta ɗan umarnin da ke yin wannan.

Na kulle memorin ya zama na karantawa kaɗai. Duk wani rubutu, da sawun hanya da waƙoƙi, ya koma faifan ajiya na SSD mai gigabayit 256. Pi 4 ba ta da agogon da ke riƙe lokaci in an kashe ta, sai muka sa ta riƙa ɗaukar lokaci daga GPS.

Konbata ₦18,000, rile da tarkacensa ₦9,000, SSD da gidansa ₦38,000, mai wayarin ₦7,000.

Alhamis, 21 Nuwamba

Fitar gwaji. Mun ɗau hanya bayan sallar asuba. Wuta ba ta ba mu matsala ba ko kaɗan, an kashe an tayar a gidan mai da wurin karin kumallo, kwamfuta lafiya lau.

Amma tun daga Gezawa kibiya take tsalle, ta bar kwalta ta faɗa gona ta dawo. Wajen Gujungu ta daskare, muna tafiya tana tsaye. Na duba taurarin da take ji: huɗu, biyar, wani lokaci uku, alhali a tsakar gida sun haura goma. Ga kuma wani siririn kuka a sifika kamar na sauro, yana tashi in an taka totur, yana sauka in an saki. Baba har ya gangara gefe ya buɗe bonet yana duba bel, don shi duk wani sabon sauti a motarsa ba ya wuce shi.

A Maigatari kasuwa ta cika maƙil, shanu da raƙuma da tireloli ana lodi zuwa Kudu. Ina jiran dillalai su kawo samfur sai na zauna a mota ina cire abubuwa ɗaya bayan ɗaya. Da na zare SSD, nan take taurari suka hau zuwa goma sha ɗaya. Na mayar, suka zube. Ramukan USB masu launin shuɗi, wato na 3.0, suna fitar da hayaniyar lantarki, siginar GPS kuwa rarrauna ce ƙwarai in ta iso ƙasa, kuma na'urorin biyu kusa da juna suke a bayan akwati. Na mayar da faifan baƙin rami na 2.0, wanda saurinsa ya ishi sauti da taswira. A dawowa kibiya ta bi kwalta tiryan-tiryan.

Lahadi, 24 Nuwamba

Na sayi wayar ƙari ₦3,000, GPS ya hau rufin mota da maganaɗisunsa, wayar ta bi cikin robar ƙofa. Kukan sifika daga altanato yake, yana biyowa ta wayar sauti saboda rediyo da kwamfuta kowace da inda ta ɗauki at, wato wayar da ake haɗawa da jikin mota. Wani ɗan akwati da ake sawa a tsakiyar wayar AUX ya kashe shi, ₦5,500.

Alhamis da Juma'a, 28 da 29 Nuwamba

Bayan kasuwa muka shiga daji, yamma da Maigatari, wani ƙauye da aka ce an tara mana riɗi. Wannan karon akwai layi a taswira, wani ya zana shi daga hoton sama, miƙaƙƙe daga burji har bakin garin. Navit ya ce a bi nan. Da muka iso mararrabar Baba ko rage gudu bai yi ba, ya wuce.

Na ce, "Baba, ga hanya can tana nunawa."

Ya ce, "Hanyar damina ce, Alhaji. Yanzu in ka shiga sai an haƙo ka."

A hanya ya yi min bayani, yaron mota yana baya yana kasa kunne. Waccan hanyar kan jigawa ta bi. Da damina ruwa yana danne rairayi ya yi tauri, mota ta wuce sumul, a lokacin kuma fadama ta zama taɓo ba mai shigarta. Da iskar hunturu ta busa sai abin ya juye: rairayi ya saki, fadama ta bushe ta yi ƙarfi. Ga kuma gonaki. Wata hanyar ba ta buɗewa sai an yi girbi an kwashe kara, da an yi shuka kuma ta rufe. Ke nan gari ɗaya yana da hanya biyu ko uku, kowace da watanninta, hoton sama kuwa rana ɗaya aka ɗauke shi.

Mun zaga ta gefen fadama, ƙarin kilomita 6. Daga wani tudu muka hango wata motar hatsi ta kafe a waccan hanyar har gindi, mutane na cusa mata kirare a ƙarƙashin taya.

Abin ya tsaya min a rai, domin layi a kan allo yana da kwarjini. Direban da bai san wuri ba zai yarda da shi fiye da idonsa. Don haka sawun taya kaɗai bai isa ba, sai an haɗa da abin da Baba ke faɗa a kai. Daga nan muka tsara: duk inda ya yi magana, yaro ya danna alama a allo, ya kuma ɗauki muryarsa a waya. Shi ba da kilomita yake lissafi ba. "In ka wuce tsamiya biyu ka riƙe hannun hagu." "Daga rijiyar makiyaya ka sa giyar tayu huɗu tun kafin ka shiga, kada ka bari sai ta fara haƙa." "Nan ka rage iskar taya." "Wannan burtali ne, da yamma shanu ke dawowa, ba a gudu." A wuri ɗaya ya nuna wani shuri da ciyawa ta rufe, ya ce ya taɓa ganin ya karya wa wata mota sifirin.

Wani abin da allon ya yi mana amfani: layin iyaka. Akwai inda hanyar ta matso har wayoyinmu suka kama sabis ɗin Nijar, ɓangaren Dungas, kuma ba wani allo ko shinge a wurin. Baba ya sani, yaron bai sani ba, yanzu ya gani da idonsa.

Mun kwana a garin. Da safe bayan an yi lodi Baba ya miƙa wa yaron makulli ya koma kujerar fasinja. Yaron ya bi jan layin da motar ta zana jiya har muka fito burji. Sau ɗaya Baba ya buɗe baki, inda layin ya goga gefen wata gonar zoɓo da ba a tsinke ba, ya ce a ba ta tazara, haƙƙin mutane ne.

Litinin, 2 Disamba

Gagarawa. Komai lafiya, an ƙara alamomi.

Asabar, 7 Disamba

Ƙura. Tun Alhamis taswira take jan ƙafa da rana, allo kuma yana ƙyaftawa a kan gargada. Na buɗe bayan akwati na tarar fankar kwamfutar ta toshe da jar ƙura, tana juyawa da ƙyar, har allon lantarkin ya yi fari-fari. Fankar da aka sa don sanyaya ita ke zuƙo hazon. Zafi ya kai digiri 82, ita kuwa Pi daga 80 take rage wa kanta gudu don kada ta ƙone.

Na goge ta da burushi mai laushi, na sauya mata gida zuwa na alminiyam rufaffe marar fanka, wanda jikinsa ne ke fitar da zafin, ₦16,000. Na matso da ita kusa da bututun iskar AC. Da tsakar rana yau ba ta wuce 63 ba.

Ƙyaftawar kuma bakin HDMI ne. Na Pi 4 ɗan mitsitsi ne, nauyin waya da girgiza suna sassauta shi. Na ɗaure wayar a jikin ƙarfe yadda nauyinta ba zai sauka a bakin ba, na ɗiga gam na kyandir a kewaye.

Alhamis, 12 Disamba

Yaron ya loda finafinai a faifan. Ban hana ba, amma na sa ƙanena ya haɗa Kodi da GPS: da mota ta haura kilomita 5 a awa hoto ya ɗauke, allo ya koma taswira, sauti kaɗai ke ci gaba. A kan wannan ba na sassauci. Yara da awaki da amalanke suna fitowa daga bayan kara ba sallama.

A tafiya Baba karatu yake sawa da safe, sai labarai a rediyonsa, in rana ta take kuma waƙoƙin makaɗan da. Fim sai an tsaya kwana, nan yaran gari ke taruwa a ƙofar mota. Na auna, allo da kwamfuta suna jan kusan amfiya ɗaya, ban da rediyo, kuma batir ɗaya ne ke tayar da mota a inda ba mai ba ka caji. Na ce kada a wuce awa ɗaya har sai an sa batir na biyu.

Lahadi, 15 Disamba

Na kwashe fayilolin GPX, wato sawun hanyoyin da muka bi, na buɗe su a JOSM, manhajar gyaran OpenStreetMap, a kan hoton sama. Inda muka bi fiye da sau ɗaya layukan sun hau kan juna da tazarar 'yan mitoci, ya isa a yi zane da su. Na fara ɗora hanyoyin a OpenStreetMap, kowace da irin ƙasarta, rairayi ko burji, da bayanin lokacin da take biyuwa. Waccan ta kan jigawa ban goge ta ba, hanya ce ta gaske, na dai rubuta mata cewa ta damina ce. Sunayen ƙauyuka biyu da aka rubuta a karkace na gyara su yadda masu unguwanninsu suka faɗa min.

Abin da ban ɗora ba: inda muke tara kaya, inda ake biyan kuɗi, da gidajen da muke sauka. Waɗannan suna cikin motar kaɗai. Taswirar kowa ke gani, mai kyakkyawar niyya da waninsa.

Hanyoyin damina sai Yuli ko Agusta za a iya ɗaukar su. Na roƙi Baba ko da ya ajiye tuƙi ya riƙa zama a gaba yana nunawa, da ladansa. Ya ce in Allah ya ba da rai da lafiya.

Asabar, 21 Disamba

Abin da aka kashe zuwa yau ₦374,500, ciki har da tsohuwar konbata da ke ajiye.

Zafin da na auna duk na hunturu ne. A Afrilu, lokacin da inuwa kanta ke haura digiri 40, motar da aka rufe a rana wani abu ne daban, kuma allon ya fi ba ni tsoro fiye da kwamfutar. Zan sa a ɗinka masa riga mai ƙyalli da za a rufa in an tsaya, a kuma sauya kusoshin mazauninsa yadda za a iya zare shi da hannu. Batir na biyu da rile mai raba shi da na mota sai bayan an sayar da zoɓo. Ina kuma son maɓalli na zahiri, babba, kusa da giya, don danna alama, saboda a kan gargada yatsa ba ya samun inda ake so a allo, kuma muryoyin Baba su riƙa shiga kwamfutar kai tsaye tare da wurin da aka yi su, ba sai an bi ta waya ba. Ƙanena ya ce ƙaramin makirfo na USB zai yi, zai duba farashi ranar Litinin.

Mako mai zuwa za mu fara ɓangaren Kaugama da Malam Madori. Can fadama ta fi yawa, zan sa yaro ya riƙa sa alama a kowane mashigin ruwa, ko da a bushe muka same shi.